Ruwan Batir

Duk wanda ya zauna gabana yana cika baki wai ya tsara aiki tsaf, babu abin da ya manta, nakan bar shi ya gama, sannan in tambaye shi ko ya gaya wa masu ɗaukar kaya abin da ke cikin kayan. Yawanci sai su yi mini kallon tsohon da ya fara ruɗewa. To, su yi ta yi. Ni na san abin da ya same ni a Birnin Gwari.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan yaƙin Bama. Ina saurayi, kaina na rawa, na yi wata shida a Kaduna ana koya mini aikin waya da rediyo. Sai ofishinmu ya tura ni in kafa wa garin rediyon jama'a: akwatin rediyo a ɗakin karatu na En'e, da akwatin ƙara murya kusa da shi, da lasifika huɗu a kan turaku a dandali, don kowa ya ji labarin duniya ba sai ya shiga ɗaki ba. Garin babu lantarki, saboda haka batir huɗu ne za su ɗauki nauyin komai, irin manyan nan masu ruwa a ciki. Baturen injiniyan da ya koya mana ya damƙa mini takardu uku, zanen aiki da jerin kaya da jadawalin ranaku. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai abin da ba ya cikin takarda ba ya cikin aiki. Ni kuwa na haɗiye wannan magana ko taunawa ban yi ba.

Tsakiyar damina muka taso. Motar ta yi ta kutsawa cikin dajin nan, itatuwa sun haɗe kai a sama, ƙudan tsando na bin mu, har muka iso wani kogi da ya cika ya batse. Direba ya leƙa, ya ce ko uwarsa ce a tsallake ba zai shiga ba. Ya sauke mini kaya a bakin ruwa, ya juya abinsa. Sarkin ƙauyen da ke wurin ya ba ni mutane, ya sa wani dattijo mai furfura a gemu ya shugabance su. Dokar da aka koya mini ita ce kayan da ke fashewa kada idonka ya bar su, don haka na sa aka ɗauki rediyo da akwatin ƙara murya da lasifikoki muka haye, ruwa iya ƙirji, ina biye ina ta yi musu tsawa. Batiran kuwa kowanne ya yi nauyin dutsen niƙa, na ce a bar su da injin caji sai ruwa ya ja. Abu biyu na gaya wa dattijon: kada a yar da su, kada ruwan sama ya doke su. Ya ce an gama.

Da na isa gari na buɗe kaya, sai na tarar ƙarafan da za su riƙe lasifika an yi su ne don turakun ƙarfe, ni kuwa na itace aka tanadar mini. Akawun En'e, wani siririn mutum mai yawan zolaya, ya kai ni unguwar maƙera wajen wani tsoho. Na shimfiɗa masa zane a kan gwiwa ina ta bayanin inci da rabin inci. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya zaro tsinke daga jinka, ya gwada wuyan lasifikar, ya karya tsinken, ya ce in dawo jibi. Na ce wa akawu ni fa ban yarda da aikin tsinke ba. Jibi da na dawo, ƙarafan nan huɗu suka zauna daram kamar tare aka haife su da lasifikar, akawu ya yi ta mini dariya har da riƙe ciki.

Ranar ce tsohon ya tambaye ni, yana juya garwashi, bai ko dube ni ba, wai wannan abin nawa yaushe zai fara magana. Na ce sai wani mako, ranar da Di'o, Baturen mulki, zai zo ya buɗe. Sai ya ce Alhamis ɗin nan fa, ba ya yi? Na ce ba ta cikin jadawali. Ya ce to, ya ci gaba da aikinsa.

A hanya akawu ya warware mini. Tsohon yana da ɗa guda, ɗan fari, wanda aka ɗauka soja lokacin yaƙi. Abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba, babu takardar mutuwa, babu ta rai. Uwar yaron ta rasu tana jira. Sai kwanan nan wasiƙa ta zo ta hannun akawun, an ce daga yaron ne, yana Ikko, ya rasa ƙafa ɗaya, kunyar dawowa gida a haka ta hana shi motsi. A ƙarshen wasiƙar an ce ranar Alhamis mai zuwa, bayan la'asar, za a ba shi dama ya gai da gida a shirin gaishe-gaishe na rediyo. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Akawu ya ce tun da ya karanta masa, tsohon bai ce uffan ba, domin ka san uba da ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya nuna ya damu. Amma kullum sai ya bi ta dandali ya ga inda aka kwana.

Washegari na koma maƙera da raina cike da iyayi. Na ce masa ai wasiƙa ta isa shaida, ya kwantar da hankalinsa. Ya ajiye awartaki, ya ce, "Malam, takarda hannun wani ce, kowa na iya rubuta ta. Murya ce ba a aro."

Nan na bugi ƙirji. Na ce, "Baba, in dai ina numfashi, ran Alhamis za ka ji shi, kana zaune a maƙerarka ma." Allah ya yafe mini wannan baki.

Na nemi izini a fada a bar ni in yi gwaji ranar, aka ba ni. Daga nan na shiga aiki ba ji ba gani. Muka ƙona gindin turaku muka shafe da kwalta saboda gara, muka kafa su inda zane ya nuna. Biyu daga ciki suna jikin katangar gidaje, ga shi a garin ba a hawa sama sai an aika cikin gida an yi sanarwa mata sun kauce, sai in tsaya da tsani a kafaɗa ina cizon yatsa, ana jiran wata ta gama kwashe shanya. Na ja wayar eriya daga rimi zuwa kan soro. Na haƙa rami na binne wayar ƙasa da gishiri da gawayi, gawayin ma tsohon ne ya aiko da shi ba tare da na roƙa ba. Kowace lasifika na sunkuyar da bakinta ƙasa kaɗan, don kada murya ta doki bangon masallaci ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta a rasa mai jin wani abu. Ta huɗun kuwa na karkata ta wajen unguwar maƙera, abin da zane bai ce ba. Shi ne karo na farko da na saɓa wa takarda.

Batiran suka iso ran Laraba da yamma, wasu a ka, wasu a kafaɗa yadda Gwarawa ke ɗauka. Na ƙirga, huɗu cif. An goge su tas, murafu a ɗaure, babu tsaga ko ɗaya. Na ɗauko jerin kaya na ja layi a gaban kowanne, na yi wa dattijon godiya, har na ce ban taɓa ganin masu riƙon amana irinsu ba.

Da hantsi ran Alhamis na kwance murfin na farko zan auna ƙarfin ruwansa. Ruwan batir garai yake, yana da wari mai shiga hanci. Wannan kuwa ja-ja ne, da ɗan tsinken ciyawa yana yawo a kai. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, na huɗu, duk haka. Na ɗiga a bayan hannuna, ko ɗan zafi ban ji ba. Sai na zauna a ƙasa.

Masu ɗaukar kayan ba su riga sun koma ba, suna zaure suna shan fura. Na faɗa musu kamar mahaukaci, na zage su tas, ban bar wa furfurar dattijon komai ba. Ya bar ni na gaji, sannan ya kira wani daga cikinsu ya buɗe kafaɗarsa. Fatar ta saluɓe kamar an zuba masa tafasasshen mai. Dattijon ya nuna mini gammo biyu da suka zama tsumma. Ya ce tun a tsallake, da suka ɗaga na farko, ruwan ya tuttulo ya ci mutum, sai suka ce wannan ruwa ya lalace a hanya, mugun ruwa ne. Kuma ma, wa ke ɗaukar ruwa a ka ya haye kogi da shi? Suka tsiyaye shi a bakin gaɓa, kaya suka yi sauƙi. Da suka kusa gari suka tsaya a rafi suka cika mini da sabo, har suka tace da rawani, don kada in ce an rage mini kaya.

"Ka ce kada mu yar, ba mu yar ba," in ji shi. "Ka ce kada ruwan sama ya doka, mun rufe da asabari. Ruwan ciki kuwa ba ka ce komai ba, Malam."

Me zan ce? Wallahi gaskiyarsa. Takarduna uku, an zana kowace waya da tsawonta, an lissafa har ƙusa, amma babu layi ɗaya da ya ce a gaya wa mai ɗauka cewa ruwan nan shi ne ran batir. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kunya ta kama ni ga fushi bai sauka ba, na rasa wanda zan huce a kansa.

Sauran yinin na yi shi ne ina kai-kawo kamar kazar da aka yanke ba ta mutu ba. Tulun ruwan batir na ajiya yana cikin kaya na biyu, yana Kaduna. Injin caji yana nan, amma me zai caja a ruwan rafi? Na ɗaura masa ɗaya duk da haka, ya yi ta ƙugi a banza. Motar da ta kawo ni ta koma, babu wata mota a wannan tsallaken, Di'o yana rangadi. Akawu ya bi gida-gida ya taro batiran tocila, suka cika hula, na jera su na haɗa, ko ɗumama kwalaben cikin rediyon, waɗanda sai sun yi ja yake magana, ba su yi ba. Da labari ya shiga gidaje cewa Malam mai waya yana neman ruwa mai tsami, sai ga ƙore-ƙore na ruwan tsamiya da na lemun tsami, har wata tsohuwa ta aiko da ruwan kanwa ta ce a gwada. Na karɓa ina godiya, na jera su a gindin bango. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani kamar ranar ba.

Abu ɗaya ya rage. Darmar da ke cikin batir takan riƙe ɗan tsami a jikinta ko an tsiyaye. Na haɗa huɗun suka zama ɗaya, na gwada, allurar ma'auni ta ɗan ɗaga kai. Ba zai ɗauki akwatin ƙara murya da lasifika ba, ko kusa. Amma in na cire su duka na bar rediyon kaɗai da abin sawa a kunne, mai yiwuwa ya ba ni ɗan lokaci, ban san ko nawa ba. Na cire wayoyin da na kwana biyar ina ja, na zauna ina kallon agogon akawu.

Ana sallame la'asar dandali ya cika. Mutane sun zo har daga Randagi da Tabanni, Fulani sun ajiye ƙoren nono, kowa ya ɗaga kai yana kallon lasifikokin da na san ba za su ce komai ba. Na aika a kira tsohon. Ya zo da guduma a hannu, ya bi turakun ɗaya-ɗaya yana duba ƙarafansa, sannan ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin karatu, ya ba mu gefe. Na gaya masa halin da ake ciki, na miƙa masa abin kunnen na ce ya matso ya sa tun yanzu. Ya dubi taga, ta cika da kawuna, ga sa'o'insa a tsaye a waje. Ya ce shi ƙarafansa ya zo dubawa, in riƙe abina. Akawu ya raɗa mini cewa in ƙyale shi, ba zai zauna gaban jama'a ya kafa kunne yana jiran ɗan fari ba, in an zo wurin sai in miƙa.

Na kunna. Kwalaben suka yi ja a hankali, ja mara ƙarfi kamar garwashin da ya kwana. Na murɗa, na murɗa, sai ga tashar can ƙasa cikin shuuu. An fara shirin. Wani ɗan sanda ya gai da iyayensa da kakanninsa da duk wanda ya taɓa ba shi ruwa. Wani ɗan kasuwa ya jero abokansa kamar yana rabon gado. Allura tana sauka ina kallo, tashar tana zamewa ina kamo ta da yatsa biyu. A raina ina ta zaginsu, ina cewa ku yi sauri mana, don Allah ku yi sauri. Zufa ta jiƙe mini riga.

Sai mai gabatarwa ya kira sunan, ya ce tsohon soja, mutumin Birnin Gwari, unguwar maƙera. Wani ya yi gyaran murya, ya ce, "Ina gai da mahaifina, in yana raye."

Na tsaya. Wannan tsayuwar ita ce ban yafe wa kaina ba har gobe. Ban fi ƙiftawar ido biyu ba, ina so in tabbatar, amma na tsaya. Sannan na fizge abin daga kaina na miƙa wajen ƙofa ina kiran Baba, Baba, sai wayar ta ƙare a hannuna. Zane ya ba ta yadi ɗaya, daidai mai zama a tebur, ni kuwa na yanke ta yadi ɗaya cif. Sai da tsohon ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyi ba su da ƙwari, ya tako, ya tsaya cire hula. Na ɗora masa a kunne ina kallon kwalaben suna dushewa, har suka yi baƙi.

Ya daɗe a tsaye da abin a kansa, ido a rufe, ya danne shi da tafin hannu biyu. Can ya cire, ya juya shi, ya leƙa ciki, ya ce babu kowa.

Ya tambaye ni ko an yi magana. Na ce an yi, na faɗa masa abin da aka ce. Ya maimaita ƙarshen a hankali, in yana raye. Sannan ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi, ya ce, "Muryar fa? Tasa ce?"

Ina zan sani? Ban taɓa ganin yaron ba. Akawu ya gaya mini daga baya cewa babu wanda bai san muryarsa ba a garin, domin in yana zuga wa ubansa wuta waƙa yake yi, ana jinsa har kasuwa. Dandalin nan cike yake da kunnuwan da za su gane shi da gyaran murya kaɗai. Da lasifika ɗaya ta yi magana, da an gama. A duk taron mutum ɗaya ne bai san shi ba, shi ne ya ji.

Tsohon ya ce in faɗa yadda ya faɗa. Na gyara murya na gwada. Ya ce kauri gare ta ko siririya? Na ce tsaka-tsaki, ga kuma ƙarar iska. Ya ce in sake. Na sake, na sake, ya sunkuyar da kai yana saurare kamar mai gwada ƙarar ƙarfe. Daga ƙarshe ya girgiza kai.

"Wannan taka ce, Malam."

Ya sa hularsa, ya ɗauki gudumarsa, ya ratsa jama'a ya tafi. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Bayan mako uku ruwa ya ja, mota ta kawo sababbin batira, aka yi buɗewa, lasifikoki suka yi ta rangaɗa magana har bayan gari. Baturen injiniya ya zo ya duba, ya yaba tsabtar aikina, abin da kawai ya gani shi ne lasifika ta huɗu ta karkace, ya ce in mayar da ita yadda zane ya ce. Na ce to, ban mayar ba. Akawu ya rubuta wasiƙa zuwa inda ta farko ta fito, ya sake rubutawa, shiru. Kowace Alhamis bayan la'asar tsohon yakan zo duba ƙarafansa, ya tsaya a gindin turke har a gama gaishe-gaishe, sannan ya ce ƙarfen yana nan lafiya, ya koma. Ba a sake kiran sunan ba.

Da kaka aka yi mini canjin wurin aiki. Na je yi masa sallama, na tarar yana wasa lauje. Ya sa mini albarka, ya ba ni wata 'yar wuƙa ta fere waya da ya ƙera mini. Har na juya sai ya kira ni, ya rage murya don kada maƙwabta su ji.

"Kai kaɗai ka ji shi. Aikinku na yawo ne. In Allah ya kai ka Ikko, ka riƙa saurarawa."

Na ce in sha Allahu. Bazarar da ta biyo baya, akawu ya rubuto mini cewa tsohon ya rasu.

Ikko kuwa na je ta, ba sau ɗaya ba. Duk inda na ji Bahaushe mai sandar guragu yana magana, a tasha ko a bakin masallaci, sai in tsaya a bayansa in kasa kunne, har wani ya taɓa juyowa ya tambaye ni ko lafiya. Kalmomin suna nan a kaina, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Amma na maimaita su da bakina har sun gaji, in na kira su yanzu, muryata ce ke amsawa.